Yawon yini ɗaya daga Marwa zuwa duwatsun Rumsiki: abin da kuɗinka ke saya

Masu shirya yawon buɗe ido a Marwa, babban birnin lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru, suna tallar tafiyar Rumsiki, wani ƙauyen ƙabilar Kapsiki, da sunan “yini guda a duwatsun Kapsiki”. A baki abin da daɗin ji: mota kat-kat, wato mai jan taya huɗu, ta ɗauke ka a ƙofar gida ko masauki, ga direba, ga ɗan jagora, a ci abincin rana a can, a maido ka kafin dare. Wurin kuwa ya cancanci a je, wannan babu gardama. Sai dai yinin da ake sayar maka ba duka kake cin sa a kan dutse ba, kuma wanda bai yi lissafin hanya tun daga gida ba shi ne ke dawowa yana cewa an cuce shi.

Daga Marwa zuwa Mokolo kilomita 80 ne ko kusa da haka, kwalta ce, ta Gazawa da Mokong da Zamay. Mota mai lafiya tana cinye ta cikin awa ɗaya da rabi idan shingaye ba su riƙe ta ba. Daga Mokolo zuwa Rumsiki ta Mogode kilomita 50 da 'yan kai ne kacal, amma mafi yawanta hanyar ƙasa ce mai tsakuwa da zaizaya, kuma awa biyu take ci ko da a rani. Zuwa da dawowa awa bakwai ke nan a cikin mota. A Nuwamba da Disamba rana tana faɗuwa a yankin tun kafin shida saura kwata, kuma babu direba mai hankali da zai yarda magariba ta riske shi a bayan Mokolo. Idan an tashi ƙarfe shida na safe, aka tsaya rabin awa a Mokolo don karin kumallo da shan mai, za a isa Rumsiki wajen ƙarfe goma, kuma dole a juyo ƙarfe biyu. Awa huɗu, su ne ainihin hajar. Bambancin mai shiri nagari da na banza duk yana cikin yadda ake kashe awa huɗun nan, da kuma ko an bar su sun cika huɗu. Tashi ƙarfe takwas saboda ana jiran wani fasinja ya gama wanka yana maida su biyu, kuɗin kuma ba ya raguwa.

Maganar tsaro tana gaba da ta kuɗi. Tun da aka sace iyalin Faransawa bakwai kusa da Dabanga a Fabrairun 2013, harkar baƙi a lardin Arewa Mai Nisa ta durƙushe, kuma har yau sassan gundumar Mayo-Tsanaga da ke kan iyaka a arewacin Mokolo, wajen Turu da Mayo-Moskota, suna fama da hare-haren Boko Haram. Rumsiki tana kudu da Mokolo ne, ba a wancan ɓangaren ba, amma kilomita uku ne kawai tsakaninta da iyakar Najeriya, kuma hali yana iya canjawa cikin mako guda. Mai shiri na gaskiya yana buga waya Mokolo da Mogode a jajibirin tafiya, ya ji ta bakin jandarma da mutanen gari, kuma yana da ƙarfin halin soke tafiya ya maido maka kuɗinka. A tambaye shi kai tsaye: “Malam, da wa ka yi magana a Mogode jiya, me ya ce?” Wanda ya amsa da “ai babu komai, Alhaji” ba tare da ya ambaci kowa ba, bai tambaya ba. A hanya akwai shingayen jandarma da 'yan sanda da sojoji, a wasu ƙauyuka da 'yan sintiri. Kowa ya riƙe katin shaidarsa na asali, ba hoto a waya ba. Ɗan Najeriya ko Chadi ya zo da fasfo ko takardar zama, da katin rigakafin shawara. Idan akwai Bature a cikin tawagar, hukuma tana iya cewa sai da rakiyar soja, kuma wannan ba abin da ake shiryawa da safiyar tafiya ba ne. Ba a ɗaukar hoto a shinge, ko ta tagar mota.

Durƙushewar harkar ta bar wata illa da baƙo ba ya gani sai ya shiga mota: motocin sun tsufa, masu su kuma ba su da cinikin da zai sa su sabunta. Saboda haka a je a ga motar da ido kwana ɗaya kafin tafiya. Taya ce abu na farko. Duwatsun hanyar Mogode ba huda taya suke yi kamar ƙusa ba, yanka gefenta suke yi, kuma tayar da aka yanka a gefe mai faci ba ya iya mata komai. Safaya ɗaya ta wadatar a kwalta, a wannan hanya biyu ake so, da jak mai aiki da sifanar da ta dace da notin motar, da guntun katako da za a ɗora jak a kai idan ƙasa ta yi laushi. Na biyu lagireto: hawan da ake yi da ƙaramar giya, ga nauyin mutum shida, ga na'urar sanyi a kunne, shi ke sa inji ya tafasa. Direban da ya san aikinsa yakan kashe na'urar sanyin a wurin hawa, yana kuma ɗauke da jarkar ruwa ta lita ashirin da ba ta sha ba ce. Idan inji ya yi zafi a jira ya huce kafin a taɓa murfin lagireto, don tururin yana saɓule fatar hannu. A gangara kuma a lura da ƙafar direba: wanda ya taka birki ya zauna a kai tun daga sama zai ƙona shi, warin ƙauri ya tashi, birkin ya yi laushi daidai inda ake bukatarsa. Giya ta biyu ake sa wa, inji ya riƙe motar. Man zuwa-zuwa na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya wani lokaci da ruwa ko datti a ciki, yana toshe matatar mai. A cika tanki a gidan mai a Marwa, a ƙara a Mokolo.

Man shi ne kuma ma'aunin farashi. Tafiyar duka da ɗan kewaye-kewaye tana kai kilomita 300. Tsohuwar kat-kat mai shan gas tana cin lita 13 ko 14 a kilomita ɗari a irin wannan hanya, wato wajen lita 40. A farashin da gwamnati ta sa a Fabrairun 2024, sefa 828 kowace lita, mai kaɗai ya haura sefa 33,000, ban da hayar mota da ladan direba da na ɗan jagora da abinci da sefa 500 na kowane shingen kuɗin hanya. Duk wanda ya kawo maka farashin da ya yi kusa da kuɗin man nan, akwai abin da ya cire: ko ƙaramar mota zai kawo, ko zai cusa muku baƙin fasinjoji, ko kuma a Rumsiki ne za ka fara jin “wannan ba ya ciki”. Araha ba ta ado. A zauna a rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa, ko da a saƙon WhatsApp ne: mai, abinci, ruwa, jagoran gari, kuɗin shiga gidajen masu sana'a. A ba da rabi a tashi, rabi a dawowa. Tawagar mutum huɗu ko biyar ita ce ta fi dacewa da mota ɗaya. Na shida yana zama a bencin baya a kan tayoyi, kuma shi ne zai fara amai kafin Mogode.

Ɗan jagora iri biyu ne a wannan tafiya, kuma nan ne yawancin shirye-shiryen Marwa suke da rauni. Akwai wanda ya taho da ku daga birni, ya iya Faransanci da Fulatanci, wataƙila da Hausa, ya san jami'an shinge. Amfaninsa a hanya yake. Akwai kuma ɗan gari, Bakapsike, wanda ya san wace turba ce ruwa ya cinye bana, gonar wa za a ratsa, wane wuri ne ba a taka shi saboda na al'ada ne. Idan shirin bai haɗa da na biyun ba, za ku tsaya a bakin tudu ku yi hoto, ɗan birnin ya maimaita abin da ya haddace, sa'annan samarin gari su kewaye ku kowa yana cewa shi ne jagora, ciniki ya kaure a tsakiyar rana. Mai shiri nagari ya riga ya ajiye mutum ɗaya da sunansa, an yanke ladansa, yana jiran mota. Harshen kasuwa a nan Fulatanci ne, amma saboda cinikin iyaka da Mubi da Michika ana samun masu jin Hausa. A nema tun daga Marwa idan a tawagar akwai dattawa ko mata da ba sa jin Faransanci.

Abin da ake zuwa gani yana fara bayyana tun kafin Mogode. Ƙasar ta ɗaga ta zama tudu mai faɗi, kusan mita dubu daga doron teku, iska ta sauya, sai ka ga duwatsu dogaye sun tsaya ɗai-ɗai a fili kamar taɓare a bakin turmi, wasu a tsaye cak, wasu sun ɗan karkata. Asalinsu maƙogwaron duwatsu masu aman wuta ne: narkakken dutse ya daskare a cikin bututun da yake fitowa, ruwa da iska suka cinye jikin dutsen mai laushi cikin miliyoyin shekaru, ƙashin tsakiyar ya rage. Wanda ya fi shahara, wanda ake bugawa a hotunan tallar Kamaru, ƙololuwarsa tana mita 1,224. Wannan adadi daga doron teku ake auna shi, ba daga gindinsa ba, ko da yake wasu 'yan jagora sukan faɗe shi kamar tsawon dutsen ne. Ba a hawansa a irin wannan yawo. Bangonsa a miƙe yake, sai masu igiya da kayan hawa. Daga bakin garin ana hango kwarin da ya gangara yamma, kuma duwatsun da ke can ƙetare Najeriya ce, jihar Adamawa. Mutanen can da na nan dangi ne, a can ana kiransu Higi ko Kamwe, a nan Kapsiki, iyakar Turawa ce ta ratsa su.

Ga wata matsala da babu mai shirin da zai faɗa maka. Wurin da ake tsayawa kallo yana fuskantar yamma, kuma kyansa na gaske sai la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, lokacin da inuwar duwatsun take miƙewa a kwari, launinsu ya koma ja. Ɗan yawon yini ɗaya yana isa ne rana ta ɗaga, ya tafi kafin ta karkata, sai ya sami haske fari mai kashe hoto. Hotunan da aka nuna maka a Marwa ba a lokacin da za ka kasance a wurin aka ɗauke su ba. Abin da ya rage shi ne a yi hoton nesa da zarar an sauka daga mota, rana tana bayanka, kada a bari sai bayan abinci.

Wata ma yana da nasa hukuncin. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba shi ne zaɓi: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, dawa tana tsaye ko ana girbi, sararin sama a wanke. Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu hazo yana iya rufe kwarin har dutsen da ke gabanka ya zama inuwa kawai, kuma babu wanda zai maido maka kuɗi don hazo. Idan ka tashi a Marwa ka ga duwatsun bayan gari sun ɓace, a can ma haka ne ko fiye, gara a ɗaga tafiyar. Sanyin safiya a tudun yana da cizo a wannan lokaci, a ɗauki rigar sanyi ko da Marwa ba ta nuna bukata ba. Maris zuwa Mayu zafi ne, tafiyar ƙafa da tsakar rana ta zama azaba. Damina, musamman Yuli zuwa Satumba, ita ce ta fi kowane lokaci kore da kyau, amma rafi ɗaya da ya cika yana iya tsare mota awa biyu a bakinsa, lissafin awa huɗun nan ya rushe. Ba a shiga ruwa mai gudu da mota don ana sauri, ko da babur ya wuce a gabanka.

Gangarawa kwarin da ƙafa ita ce ta fi komai daraja a cikin shirin, kuma ita ce aka fi yankewa. Cikakken zagaye yana cin awa biyu zuwa uku, don haka a yini ɗaya abin da ya dace shi ne gajeren zagaye na awa ɗaya da rabi, a fara shi nan take da isowa kafin rana ta yi tsakiya. Turbar tsakuwa ce mai santsi a gangara, kuma yawancin faɗuwa a sauka ake yi, ba a hawa ba. Silifa da takalmin fata mai sulɓin ƙasa ba su da wuri a nan. Kambas mai tauri ake so, da sanda ga wanda gwiwarsa ke ciwo. Babbar riga a bar ta a mota. Mata su zaɓi zane ko doguwar rigar da ba ta jan ƙasa, mayafi kuma a ɗaure shi don hannu biyu su zama a sake. Ruwa lita uku ga kowane mutum na yinin, lita ɗaya da rabi a hannu lokacin tafiyar, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti ko biyu a jaka. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya ya gaya wa jagora tun a sama, domin dawowar duk hawa ce, kuma mota ba ta sauka ta ɗauko kowa.

A hanya za a ga yadda aka ɗaure gangaren da layukan duwatsu, mataki bisa mataki, don riƙe ƙasa da ruwa. A kansu ake noman dawa da gyaɗa da wake, a filin tudu kuma masara da dankali. Kada a taka bakin matakan nan ko a zauna a kai, dutse ɗaya ya zame sai mai gona ya sake ɗauri. Shingayen gidaje da yawa na ƙerana ne, kuma farin ruwanta yana ƙona fata, idan ya shiga ido yana iya makantarwa. A hana yara karya ta, wanda ya taɓa kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya shafa fuska. Kububuwa da kunama suna fakewa a ƙarƙashin duwatsu, shi ya sa ba a cusa hannu a rami ko a ɗaga dutse don wasa. Namun daji kuwa kada a sa rai: gwaggon biri jefi-jefi, rema a kan fa, shaho da ungulu a sama. Wanda yake son giwa da raƙumin dawa, gandun namun daji na Waza ne nasa, kuma wannan wata tafiya ce daban da nata sharuɗɗan tsaro.

Jagora nagari zai bayyana dalilin da ya sa mutane suka zauna a wurare masu wuyar hawa haka, kuma amsar ba mai daɗi ba ce ga baƙo Musulmi: gudun farmakin masu kama bayi daga filayen ƙasa. Sunan Hamman Yaji, Lamiɗon Madagali da ya sha kai irin wannan farmaki, wanda Ingilishi suka tuɓe a 1927, har yau ba a manta da shi a duwatsun nan ba. A saurara da ladabi, kuma a kiyaye harshe: kalmomin “arna” da “kirdi” zagi ne a kunnen mutanen, ko da mai faɗa bai nufa ba. A garin akwai Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, sau da yawa a gida ɗaya. Dattijo a ce masa Baba, tsohuwa a ce Inna ko Dada, a yi sallama kafin a leƙa kowane gida, a nemi izini kafin hoto. Yara za su biyo ku suna kiran “kado, kado”, wato kyauta. Rabon kuɗi ko alewa a hanya yana tara ashirin cikin minti biyu, ya kuma hana su zuwa makaranta gobe. Wanda ya yi niyyar alheri ya ba da ta hannun jagora ko malamin makaranta.

Kusan kowane shiri yana sa ziyarar bokan ƙaguwa a ciki, har wasu suna tallarsa gaba da dutsen. Yadda abin yake: tsoho yana zaune a ƙofar ɗakinsa da kasko mai faɗi cike da jiƙaƙƙen yashi. Yakan kafa 'yan sanduna da gutsattsarin ƙwarya a cikin yashin, kowanne da abin da yake wakilta, ya ɗauko ƙaguwar rafi daga tukunyar ruwa, ya yi mata magana, ya saka ta a ciki ya rufe. Bayan ɗan lokaci ya buɗe ya duba abin da ta ture da abin da ta bari, ya fassara. A al'adar Kapsiki duba aikin zuriyar maƙera ne, su ne kuma masu binne gawa da magani da kiɗa, matansu ke ginin tukwane. Duba ne dai, kuma hukuncinsa a Musulunci sananne ne. Wanda ba ya so ya faɗa tun a Marwa a cire shi, a cire kuɗinsa, a maida rabin awan ga tafiyar kwari. Inda shirin ke yin kuskure shi ne a kai tawaga gaba ɗaya ƙofar tsohon ba tare da an tambaye su ba, sai a bar mutum tsakanin kunyar ƙi da nauyin zama.

Masu sana'a sun fi cancantar lokacin. Masaƙa suna fitar da ƙyalle siriri mai faɗin yatsu uku ko huɗu daga zaren audugar da aka kaɗa da mazari, a ɗinke su su zama zane ko riga. Matan maƙera suna gina tukunya da hannu ba tare da na'ura ba. Aikin tagulla shi ne abin alfaharin yankin, musamman wajen Amsa a kudu da Rumsiki: a siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun. Tunda sai an fasa mazubin, babu biyu da suke fitowa iri ɗaya sak. Idan ka ga munduwa goma a jere babu bambanci ko na ɗigo, daga wata kasuwa aka kawo su. Ɗan maganaɗisu a aljihu yana raba gardama, don tagulla ba ta kama shi, baƙin ƙarfen da aka shafa wa launi yana kamawa. A sani kuma jagora yana da kasonsa a duk abin da ka saya a inda ya kai ka. Wannan ba laifi ba ne a garin da baƙi suka yi ƙaranci, amma shi ke sa wasu su ja ku gida biyar a jere har lokacin dutse ya ƙare. Gida biyu sun isa. A riƙe canji, 'yan ɗari biyar da dubu-dubu, don takardar dubu goma ba ta da mai canja ta, kuma kada a dogara da biyan kuɗi ta waya irin Orange Money ko MoMo: sabis yana ɗaukewa, wani lokaci wayar ta kama layin Najeriya ta fara cin kuɗi.

Abincin rana sai an yi odarsa tun da safe ta waya, in ba haka ba sai kun zauna za a fara kama kaza, awa ɗaya da rabi ta tafi. Abin da aka fi samu tuwon dawa ko shinkafa da miyar yakuwa ko tafasa, da kaza ko naman akuya. A tambayi wanda ya yanka. Akwai Musulmi a garin, kuma mai shiri nagari ya san inda zai sa a dafa. Abin sha mai launin kunu da ake miƙowa a ƙwarya a kasuwa ko a wasu gidaje sau da yawa bilbil ne, wato burkutu, a tambaya kafin a kai baki. Guzurin kilishi da burodi da dabino daga Marwa yana ceton yini idan girki ya makara. Nisan tafiyar ya wuce na ƙasaru, kuma akwai masallaci a Rumsiki da Mogode da Mokolo. A ɗauki buta da ruwan alwala a mota don kada a taɓa na sha.

Wasu masu shiri, don su ƙawata talla, sukan ƙara Koza da Jingiliya da gandun Mozogo-Gokoro a yini ɗayan. A ƙi. Waɗannan suna arewa da Mokolo, Rumsiki tana kudu, hanya biyu ce mabambanta. Mozogo-Gokoro ƙaramin gandun ƙasa ne mai hekta 1,400, an ayyana shi a 1968, kurmi ne mai duhu a gindin duwatsu wanda masu binciken itatuwa suka fi baƙi amfana da shi, kuma yana cikin yankin da aka sha kai wa hari. Kufan gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy, da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2025, su ma a wancan ɓangaren suke. Suna da darajar ziyara ranar da hukuma ta ce hanya ta buɗe, da yininsu na kansu. Kasuwar Mokolo ta Laraba ita ce ƙarin da ke shiga ba tare da ɓarna ba, muddin an tsaya a minti talatin. Ta Rumsiki Lahadi take ci, kuma ranar garin ya fi rai, bilbil ma ya fi yawa.

To, a saya ko kada a saya? Ga wanda yini ɗaya kawai yake da shi, a saya, bisa sharaɗi huɗu: an ga motar da ido, an tashi ƙarfe shida, akwai jagora ɗan gari da aka ajiye, an kuma tabbatar da hanya a jajibiri. Ga iyali mai ƙananan yara ko tsofaffi, awa bakwai na girgiza sun yi yawa a kan awa huɗu na kallo. Wanda yake da hali ya nemi a sauya masa shirin: a tashi Marwa bayan azahar a kwana a Mokolo, a kama hanyar Mogode da sassafe, a isa ƙarfe takwas da sanyin safiya, a sami awa shida maimakon huɗu. Ƙarin kuɗin ɗaki ne da kwanan direba, man bai canja ba. Kwana a Rumsiki kanta shi ke ba da faɗuwar rana, amma wannan sai jandarman Mogode sun ce babu damuwa a makon, kuma a tambayi masaukin ko akwai ruwa da wuta kafin a biya, don da yawansu sun shekara da shekaru ba a gyara su ba.